Ƙofar Bayan Kemis

Zuwa ga ɗana Ƙaramin Fada,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da shugabanninka da sauran masu dogayen riguna. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ta koma mai duban hadari: kafin sama ta yi baƙi ta riga ta sanar da ni. Babanka ya biyo ta rumfata ya shanye min shayi, ya ce in gaishe ka, wai shi idonsa ba ya ganin layin takarda. Amma yana hango mai nama tun daga bakin titi.

Tunda an hana ku waya a makarantar nan taku, dole na koma riƙon biro. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun ya fi sabawa da almakashi.

Ga labari. Katikis, mai koyar da addini a cocinmu, ya tono wani tsohon wasan kwaikwayo a akwatin littattafan Fada, limamin cocin, ya juya shi zuwa harshenmu, za a yi a zauren coci. Ni aka ɗora wa kayan sawa, da teku. E, teku. Shuɗin yadi ne mai santsi, mutum biyu su kama bakinsa suna girgizawa. Na je wurin gwaji don in auna kafaɗu in tafi, sai ga ni tsaye da tef a wuya har aka tashi.

Wasan labarin wani masunci ne da kan daɗe a kan ruwa. Ƙanensa yana ƙyashinsa: jirginsa, matarsa, har yadda yake dariya. Da ya dawo sai ƙanen ya ja shi gefe, da murya irin ta mai tausayi, ya ce, "Ni dai ban ce komai ba, Yaya. Amma duk lokacin da ba ka nan akwai fitila a tagarka. Wa ake kunna wa?" Shi ke nan fa. Ka lura, bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Masunci ya ɗauki matarsa a jirgi wai za su sha iska, ya dawo shi kaɗai. Sai daga baya wata tsohuwar maƙwabciya ta buɗe baki ta ce ai fitilar tasa ce, don ya hango gida daga kan ruwa. Ta sani tun farko. Ta ga fuskarsa ta canza, ta ce ba ruwanta.

Na tsufa a kasuwa, na ga masu sayar da yadi mai zuba suna rantsuwa har da hawaye, amma ban taɓa ganin dillali irin ƙanen nan ba. Ya sayar wa mutum mutuwar matarsa, kuma da gaskiya zalla ya yi tallar.

Surukata Malama, matar yayanka Direba, ita ce matar masunci. Yarinyar da a gida sai ka kasa kunne kafin ka ji gaisuwarta, amma a kan dandamali in ta buɗe baki har fanka kamar ta rage gudu. Mai Kemis na bakin layinmu shi ne masuncin. Sun dace a wasan, har sun wuce yadda nake so. Mai Zare, maƙwabciyar rumfata, ta ce min, "Uwar Direba, ɗanki na kan hanya, ko an ba wani aron sitiyari ne?" Na ce ta kula da zarenta, yana warwarewa.

To ga tambayata, tunda ana ciyar da kai don ka san irin wannan. A cikin ukun nan, wa ya fi nauyi a gaban Allah: wanda ya raɗa, wanda ya yarda, ko wadda ta gani ta kama bakinta? Ba don gardamar rumfa nake tambaya ba. Ka amsa min da gaske.

Goggonka mai yadi.

*

Zuwa ga Goggo,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Wasiƙarki ta iso, na yi dariyar tekun nan har abokin ɗakina ya leƙo. Ina lafiya, sai 'yar mura da ta zagaye mu duka. Ki riƙa zama a rumfa saboda gwiwar, masu saye ba za su gudu ba.

A gurguje nake rubutu, don gobe za mu shiga zaman shiru na wata guda. Ba magana, ba baƙi, wasiƙun da suka zo ma shugaba zai riƙe har mu fito.

Masunci ya yi kisa, kuma kafin kisan ya riga ya yi wani zunubin, don ya yanke wa matarsa hukunci a zuciyarsa. Ƙanen ya fi shi mugunta, hassada ce ta tura shi, kuma da sanyin rai ya yi. Amma ni tsohuwar ce ta fi ba ni tsoro, don ita ta fi kama da mu. Ana koya mana cewa mutum kan sami kaso a zunubin wani ta hanyar yin shiru kawai. Wanda ya gani, ya sani, ya kama bakinsa don gudun abin da zai je ya dawo, hannunsa na cikin abin da ya biyo baya.

Akwai sauran bayani, sai na fito. Ki gaida Yaya Direba da Anti Malama, ki ce ina mata fatan wasa ya yi kyau.

Ɗanki.

*

Ɗana,

Ina gaisuwa. Na san ba za ka ga wannan ba sai ka fito daga kurumtarka, amma in ban rubuta ba cikina zai fashe. Jiki da sauƙi. Gida ne ba sauƙi.

Akwai abin da ban sa a wasiƙar farko ba. Ka san rumfata tana kallon lungun da ke bayan kemis. To, a ranakun da babu gwajin wasa, na sha ganin Malama in ta taso daga makaranta, ta wuce ƙofar gaba inda kowa ke shiga, ta waiga dama da hagu, ta shige ta baya. Ta jima. Ta fito tana gyara zani a ƙugu, tana tafiya a hankali. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ni ba yarinya ba ce.

Na yi ta juya abin har amsarka ta zo. Na karanta wurin nan, "wanda ya gani, ya sani, ya kama bakinsa", na ce to, ga ɗan coci ya yanke. Ba ni zan zama tsohuwar wasa ba.

Da yayanka ya dawo daga tafiya na bari ya yi wanka, ya ci ya ƙoshi, ita tana can wurin gwaji. Ban ƙara ko zare ɗaya a kan abin da na gani ba. Na ce, "Ni fa ban ce komai ba. Amma ƙofar bayan kemis da matarka ke bi, a ranar da ba a gwaji, me ake saya a can?"

Bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya wanke hannunsa a hankali, ya sa takalmi. Aka ce ya jira Mai Kemis ya dawo shago, ya fizgo shi ta saman kanta, ya fasa masa gira a gaban masu sayen magani. Ya dawo gida ya fito da akwatunanta ya jera a ƙofa kamar kayan da za a loda. Da ta iso ta ce, "Me na yi?" Ya ce, "Kin fi ni sani." Ta sake cewa, "Ka gaya min me na yi." Ya shige ɗaki ya sa sakata.

Sai ta juyo ta dube ni. Ba harara ba ce, da harara ce na san canjinta. Kallo ne irin wanda take yi wa ɗan aji in ya kawo amsar da ta san ba tasa ba ce. Ta ɗauki jakar makarantarta kawai, ta tafi gidan yayarta. Shi kuma da safe ya ɗauki mota ya yi gaba.

Ni Mai Zare kaɗai na gaya wa, don ta taya ni addu'a. Yanzu duk layi idonsu na kan ƙofar nan, har mai gyaran takalmi ya juya bencinsa.

Auren yana rawa, na sani. Amma gara ciwon yau da ruɓar gobe. Na yi daidai, ko ba haka ba? Ai kai ka rubuta.

Goggonka.

*

Ɗana,

Har yanzu shiru daga wurinka. Ina fatan murar ta sake ka. Babanka lafiya. Ni ma ina tsaye.

Ran Asabar matar Mai Kemis, wadda muke ce wa Nas, ta zo rumfata. Na tura mata kujera, ta ƙi zama. Ta ce, "Uwar Direba, kin san ɗakin bayan kemis nawa ne? Can nake yi wa mata allura. Mijina ko leƙawa ba ya yi."

Malama ciki gare ta. Ka tuna biyu sun zube mata a baya. Likita ya rubuta mata allurar da za ta taimaka ya zauna, ita ce take zuwa karɓa. Ta roƙi Nas kada kowa ya ji, har mijinta, sai ya yi ƙwari. Na ce, "Ni uwar mijinta, me ya sa za a ɓoye min?" Nas ta ce, "Don na farkon ke kika yi shelarsu a layi, har kina ware yadin goyo. Da suka zube sai da ta yi ta amsa sannu daga bakin mutanen da ba ta san sunansu ba."

Tun ranar rigimar Malama ba ta koma karɓar allurar ba, don duk layi na gadin ƙofar. Nas ta aika mata cewa za ta zo har gida, Malama ta ce kada ta zo, kada a ce matar kwarto ta zo rufa asiri. Cikin ya zube. Nas ta ce, "Ko rashin allurar ne, ko baƙin ciki, ko dai lokacinsa ne, Allah kaɗai ya sani. Ni na zo ne ki ɗauke idonki daga ƙofata."

Na yi ta kiran yayanka, wayarsa a kashe.

Washegari Lahadi, bayan Mas, wato babbar sujadar coci, aka yi wasan. Katikis ya so ya soke, Malama ta aiko cewa ta riga ta yi alkawari. Mai Kemis ma ya zo da ɗinki a girarsa. Ɗaya daga cikin masu riƙe teku bai zo ba, aka ce ni na san yadin, in kama. Ga ni durƙushe a gefen dandamali, tsakanina da ita bai fi tsawon hannu ba. Ta rame, leɓenta ya bushe. Zaure ya cika maƙil, kuma ka san ba wasan ne ya kawo rabinsu ba.

An kai wurin da suke cikin jirgi su biyu, sai na hango yayanka a ƙofa, da ƙurar hanya a jikinsa. Ashe yana sauka a tasha wani ya ce masa, "Matarka na can a jirgi ɗaya da mutuminka." Ya taho ta tsakiyar kujeru, mutane na janye ƙafa. Na so in yi ihu in ce tsaya ka ji. Ni da ake cewa bakina ya fi almakashina kaifi, sai kawai na ƙara damƙe bakin yadin.

Ita ma ta gan shi. Kuma daidai nan maganarta ta zo a wasan. Ba ta canza ko kalma ɗaya daga abin da Katikis ya rubuta ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Tun da muka baro gaɓa kake tuƙi, ba ka ce uffan ba. In akwai abin da kake son sani, ga ni a gabanka. Ka tambaye ni mana."

Ya tsaya cak. Ina jin numfashinsa daga inda nake. Sai ya ce, da muryar da ban ji ba tun yana ƙarami, "Me kike zuwa yi a bayan kemis?"

Ta ce, "Ɗanka nake ƙoƙarin riƙewa. Ya tafi."

Ɗana, na sha shiga coci a lokacin da ake ɗaga Jikin Ubangiji, kowa ya yi tsit. Ban taɓa jin irin wannan shirun ba. Yayanka ya zauna a ƙasa, nan tsakiyar hanya, kamar an zare masa ƙashi. Ita kuma ta juya wurin Mai Kemis ta ce a hankali, "Ci gaba, kai ne da magana."

Suka ci gaba. Mai Kemis ya tura ta daga jirgi, ta faɗo ta kwanta. Aikin masu teku ne su ɗaga yadi su rufe ta. Ni da hannuna na ja shuɗin yadin nan na lulluɓe surukata, daga ƙafa har fuska, a gaban kowa.

Da aka gama ba wanda ya tafa. Fada ya miƙe ya yi alamar gicciye, mutane suka fita a hankali kamar daga makabarta. Yayarta ta kama hannunta suka wuce ta gefen yayanka, ba ta tsaya ba.

Ka nema min gafara daga nan, ka rubuto min ita a takarda. Ba zan iya durƙusawa in faɗi zunubina gaban Fadan da ke sayen yadin bagaden coci a hannuna ba. Kuma ka gaya min yadda zan dawo da yarinyar nan.

Goggonka.

*

Goggo,

Salama. Jiya muka fito, shugaba ya miƙo min wasiƙunki biyu tare. Na karanta ta farkon ina cewa a raina a tsaya, a tsaya, alhali ta biyun tana kan gwiwata.

Tsohuwar wasan ta san matar ba ta da laifi, shi ne ta yi shiru. Shirun da nake nufi ke nan, a ga za a zalunci mutum a ƙi kare shi. Ke ƙofa kika gani, Goggo, ba ki san abin da ke bayanta ba. Da za ki yi magana, da Anti Malama ya kamata ki fara. Amma ni ma ina da kaso. Kin ce ba don gardama kike tambaya ba, ni kuma na amsa kamar a jarrabawa, ban tambaye ki dalili ba. Na kai wannan gaban nawa Fadan.

Gafara a takarda babu. Ni ban zama Fada ba tukuna, kuma ko na zama, ikirarin zunubi ba ya bin gidan waya. Sai kin je wurin Fadanku da bakinki. Abin da ya ji a can ba zai biyo shi rumfarki ba, ko da za a yanka shi.

Zai gaya miki abin da ni ma zan gaya miki: sunan da aka ɓata, a inda aka ɓata shi ake gyarawa. Sunaye biyu ne, nata da na Mai Kemis.

Batun dawo da ita kuwa, ba a hannunki yake ba. Kada ki je ki durƙusa mata a gaban mutane don ta rasa yadda za ta ƙi. Na san ki da iya ciniki. Wannan ki bar mata ta yanke da kanta.

Ina sa ɗan da ya tafi a addu'a, da ku duka.

Ɗanki.

*

Ɗana,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Ka iya faɗa yanzu, zaman shirun ya wasa maka baki.

Na je. Fada ya saurare ni ta bayan labule kamar bai taɓa jin muryata ba. Bayan kwana biyu ya zo rumfa ya yi ta jayayya da ni a kan launin yadi, ko gezau. Wannan mutumin da kasuwa ya shiga da ya kashe mu duka.

Layi kuwa na bi shi rumfa rumfa. Na ce abin da na faɗa a kan surukata da Mai Kemis ba haka ba ne, ni na ƙulla shi da zato. Yaɗa maganar bai ɗauke ni ko tsawon shan shayi ba, kwashe ta kuwa har yau ban gama ba. Mai Zare ta ce, "Ai ni da ma ban yarda ba." Mai Kemis ya ce ya yafe, amma Nas har yanzu in ta hango ni sai ta tsallaka titi, kuma ban ga laifinta ba.

Yayanka ya ajiye tafiya. Kullum in ta taso daga makaranta yana zaune a dakalin gidan yayarta, ba ya cewa komai sai sannu da aiki. Ta yi ta wuce shi. Rannan ta tsaya.

Za ta koma. Amma ba gidana ba. Sun kama ɗaki kusa da makarantarsu. Da ya zo gaya min yana ta kame-kame, yana jiran in tada bori. Na ce ya faɗa min daidai yadda ta faɗa. Ya ce ta ce, "Na yafe wa Inna tun ranar da ta lulluɓe ni. Amma yafiya daban, zama a ƙarƙashin idonta daban."

Na juya maganar nan ta kowace fuska, yadda nake juya yadi in nemi inda aka yi ha'inci, ban samu ba. Ta ba da mai tsadar kyauta tun ban roƙa ba, ta riƙe wanda nake tsammanin zan samu a arha. A ina yarinyar nan ta koyi wannan? Shekara da shekaru tana wanke kwanona, ban san wa ke gidana ba.

Ni na ninke masa kayansa. Ɗakinsu yanzu a rufe yake, na daina wucewa ta gabansa. Ba su ce in zo in ga sabon wurin ba, ni ma ban tambaye su ko wane gida ne ba, ka ji ni fa.

Ran Lahadi na zauna can baya, kusa da ƙofa. Da Fada ya ce mu ba juna salama, na miƙa wa na kusa da ni hannu, na ɗago, sai ga ta. Ta baro kujerarta daga gaba, ta ratso duk mutanen nan. Ta kama hannuna da hannu biyu ta ce, "Salamar Ubangiji, Inna." Sannan ta sunkuyo ta ce, "Kin rame. Wa ke dafa miki yanzu?"

Mawaƙa sun riga sun fara, tana tsaye tana jiran amsa. Kafin in amsa ta ce, "Zan aiko ɗanki da kwanon abinci gobe. Ki dawo min da kwanon da kanki."

Goggonka.